Hutu a tsibirin Arran: ka kama jirgin fito tukuna, sannan ɗakin kwana

Tikitin dawowa nake fara nema. Kafin in kalli hoton ɗaki ko ɗaya, kafin in tambayi Maman yara ko gefen teku take so ko gindin dutse, sai na buɗe jadawalin jirgi na duba ranar da za mu fito daga tsibirin, da ƙarfe nawa, da kuma jirage nawa suka rage a bayan namu idan namun bai tashi ba. Da can ba haka nake yi ba. Wata Lahadi ce ta koya mini, zan zo kanta.

Arran tsibiri ne a yammacin Sikotlan, cikin mashigin teku na Clyde. Tsawonsa kamar mil 20, faɗinsa kamar mil 10, mazaunansa ba su kai dubu biyar ba. Hanya ɗaya ce ta kewaye shi ta bakin ruwa, kimanin mil 56, sai wasu biyu da suka ratsa ta tsakiya. Arewacinsa duwatsu ne masu tsini, kudancinsa gonaki da makiyaya, shi ya sa ake masa kirari da ƙaramar Sikotlan. Ga mazaunin Gilasgo irina, ko wanda ya zo Birtaniya ziyara yana da rarar kwana uku, wuri ne da za ka karya a gida ka yi azahar a can. Ba a tambayar fasfo, bizar da ta shigo da kai ƙasar ta wadatar.

Masaukin da nake magana a kansa shi ne wanda ake rubuta wa B&B a ɗan allo a ƙofar gida, wato gado da karin kumallo. Gidan mutum ne da yake zaune a ciki, ya ware ɗaki uku ko huɗu yana saukar da baƙi, da safe ya shiga kicin da kansa ya dafa musu abin karyawa. Kakanninmu fatake sun san irinsa a gidan fatoma. Babu ma'aikaci a kanta da ke jiranka har tsakar dare, babu lambar da za ka danna a kawo maka shayi. Wadda ta buɗe maka ƙofa ita ce za ta soya maka ƙwai, ita ce kuma za ta wanke zanin gadon bayan ka tafi. Idan ka riƙe wannan a ranka, rabin abin da zan faɗa a ƙasa kai da kanka za ka gano shi.

To, jirgi. Kamfanin CalMac, mallakar gwamnatin Sikotlan, shi ke fito tsakanin tudu da Brodick, babbar tashar tsibirin. A ɓangaren tudu tashoshi biyu ne, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Tsohuwar hanya daga Ardrossan take, minti 55 a kan ruwa, jirgin ƙasa kuma daga babbar tashar Gilasgo yana kai ka har bakin tashar jirgin ruwan cikin ƙasa da awa ɗaya, ka sauka ka taka 'yan taku ka shiga. Amma tun watan Janairun 2025 da sabon jirgin nan Glen Sannox ya fara aiki, daga Troon yake tashi, domin ya fi ƙarfin matsayar Ardrossan yadda take a yanzu. Ta Troon tafiyar ta fi tsawo, wajen awa ɗaya da kwata, kuma tsakanin tashar jirgin ƙasa da bakin ruwa akwai 'yar tazara. Saboda haka ka karanta sunan tashar da ke kan tikitinka, na zuwa daban, na dawowa daban. Mai yiwuwa ka tashi daga ɗaya ka dawo ta ɗayar. Idan ka ajiye motarka a Ardrossan jirgi ya sauke ka a Troon, kai da ita akwai tafiyar kusan rabin awa, ga kaya ga yara.

Maganar mota ita ce babbar shawara ta farko. A watan Oktoban 2014 gwamnati ta shigar da Arran cikin tsarin da ke daidaita kuɗin jirgi da abin da mutum zai kashe da a kan titi ya yi tafiyar. Kuɗin fito ya sauka sosai, sai kowa ya kama zuwa da motarsa. Yanzu a lokacin bazara gurbin mota ne ke fara ƙarewa, musamman Juma'a da yamma a zuwa, da Lahadi da yamma a dawowa. Mai tafiya a ƙafa ya fi samun sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma gara ya sayi tikitinsa tun daga gida. Ra'ayina: idan ku biyu ne, ko yaranku sun iya ɗaukar jakarsu, ku bar motar. Bas uku ne ke jiran jirgi a Brodick, mai lamba 324 ta yi arewa, 323 ta yi kudu, 322 ta ratsa tsakiya, dukkansu su haɗu a Blackwaterfoot a gaɓar yamma. Amma idan da tsohuwa a tafiyar, ko jariri da tarkacensa, ka shiga da mota, ka kuma kama gurbinta makonni kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ana so ya iso aƙalla minti 30 kafin tashi, mai ƙafa minti 10. Idan ka makara, gurbinka na wanda ke layin jira ne, kuma babu wanda za ka ce wa "haba ranka ya daɗe" ya duba maka.

Ga yadda nake jera abin a zama ɗaya. In duba in tabbatar akwai gurbi a jirgin zuwa da na dawowa, ban biya ba tukuna. In buga wa masu gidan waya in ji ko ɗakin na nan a ranakun. Idan suka ce yana nan, in ce su riƙe mini na minti goma, in koma in biya jirgi, sannan in dawo in ba da kafin alƙalamin ɗaki. Wanda ya biya ɗaki a watan Maris ya bar jirgi sai Yuli, ya sayi gadon da watakila sai dai ya hango shi daga wannan gaɓar.

Lokacin zuwa kuwa, ni Mayu da farkon Yuni na fi so, sai Satumba. Makarantun Sikotlan na hutu daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta, na Ingila kuma daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, don haka a wannan tsakanin ɗaki ya yi tsada, jirgi ya cika, gidaje da yawa kuma ba sa karɓar mai kwana ɗaya, sai biyu zuwa sama. A tsakiyar bazarar ne kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo suke tashe. Ba su kai sauro girma ba, ba su da kuka, amma rundunarsu guda suke zuwa da yamma idan iska ta kwanta, su shiga gashi da kunne. Akwai maganin shafawa mai suna Smidge da ake sayarwa a kantunan tsibirin, yana aiki. Da hunturu gidaje da dama rufewa suke yi, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, iska kuma ta fi yawan hana jirgi tashi.

Wane ƙauye za ka sauka? Brodick ta fi sauƙi ga baƙon farko: jirgi a nan, bas a nan, babban kanti a nan. Lamlash, mil uku kudu da ita, ita ce zaɓina, saboda ta fi natsuwa, ga asibitin tsibirin a cikinta, ga ɗan tsibirin Holy Isle a gabanka duk safiya kamar raƙumi ya durƙusa a ruwa. Whiting Bay na gaba kaɗan. Lochranza can arewa ce, mil 14, inda bareyi ke kiwo a filin wasa ba su damu da kowa ba, amma kada ka sauka can ba mota sai ka haddace lokutan bas. Kildonan da Blackwaterfoot na masu son shiru ne da faɗuwar rana.

Yanzu ga inda na fi so ka ba ni hankalinka, wato wayar da za ka buga. Nemo gidan a intanet babu laifi, kuma ka duba ko tallan na ɗauke da lambar lasisi, domin tun Oktoban 2023 doka ta wajabta wa masu irin wannan masauki a Sikotlan su nemi lasisi daga ƙaramar hukuma. Amma kafin ka biya, ka yi magana da mutum baki da baki. Akwai abubuwan da hoto ba zai faɗa maka ba, kuma matambayi ba ya ɓata.

Na farko, kare. Yawancin mutanen can da karensu suke zaune a cikin gida, wasu gidajen ma suna karɓar baƙi da nasu karnukan har cikin ɗakin kwana. Ka tambaya kai tsaye: akwai kare a gidan, yana shiga ɗakin cin abinci, kuma ɗakin da za a ba ni ana kwana da kare a ciki? Ba za su ji haushi ba, sun saba da masu tambaya saboda atishawa da ƙaiƙayi. Sai banɗaki. Iri uku ne: wanda ke cikin ɗakinka, wanda yake naka kai kaɗai amma sai ka fito ka tsallaka baranda, da wanda kuke tarayya da wasu baƙi. Ga mai tashi alwalar asuba, da matar da ba za ta so fitowa ba lulluɓi ba, na cikin ɗaki ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Ka tambayi gadon, babba ɗaya ne ko ƙanana biyu. Ka tambayi kuɗin, na ɗaki ne ko na kowane kai, domin duka biyun ana yi. Ka faɗi yawanku da shekarun yara, har na goye, saboda wasu gidajen ba sa karɓar ƙananan yara sam, kuma ɗabi'armu ta "ai sai a shimfiɗa masa bargo a ƙasa" ba ta tafiya a can, adadin masu kwana a gidan a rubuce yake. Idan kun kai shida ko bakwai, ku manta da wannan tsarin ku kama gida sukutum mai kicin, ku dafa abinku. Idan da mai ciwon gwiwa, ka nemi ɗakin ƙasa, tsofaffin gidajen nan matakalarsu a tsaye take. Tambayar ƙarshe, wadda yawancin mutane ke mantawa: idan jirgi bai tashi ba na kasa zuwa, ya za a yi da kuɗina? Wasu sukan mayar, wasu su ɗaga maka rana, wasu su ce asararka ce. Ka ji amsar, ka roƙi a turo maka ita a rubuce.

Sai karin kumallon kansa, wanda shi ne rabin kuɗin da ka biya. Cikakken farantin safe na mutanen Sikotlan ya ƙunshi ƙwai, soyayyen naman alade, tsiran alade, wake cikin miyar tumatir, soyayyen tumatir, naman kaza (tsiron nan irin laimar kwaɗi, ba na tsuntsuwa ba), da wata 'yar waina mai kusurwa uku da ake yi da dankalin turawa. Akwai kuma wani baƙin abu mai kama da yankakken ƙuli da za ka ga an rubuta black pudding. Kada sunan ya ruɗe ka ka ɗauka kayan zaƙi ne, jini ne aka daskarar da kitse da hatsi. Haggis kuma kayan cikin tunkiya ne da aka niƙa da albasa da yaji, tunkiyar ba yankan Musulmi ba. Duk wannan ba abin tashin hankali ba ne idan ka yi magana da wuri. Abin da nake cewa a waya gajere ne: ba ma cin nama kowane iri, muna cin kifi da ƙwai, kuma don Allah a soya mana namu a kasko daban. Maganar kaskon nan ita ce muhimmiya, domin wainar dankalin da naman kazan galibi a cikin man da aka soya alade ake juya su, a wurinsu daɗi ake ƙara maka. Ban taɓa samun wadda ta ƙi ba.

Dattijuwar da muka sauka gidanta a zuwanmu na biyu takan ajiye 'yar takarda da fensir a kan tebur a zaure, kowane baƙo ya yi alama a abin da yake so kafin ya kwanta. Da safe muka sauko ƙarfe takwas muka tarar ta ware mana tebur kusa da taga. Ta kawo kunun ot, wani hatsin turawa, mai kauri, ta tsaya tana kallo ta ga ko gishiri zan sa kamar 'yan ƙasa ko sukari. Na sa zuma, ta girgiza kai tana dariya. Sai ga kifi banda, irin ɗan siririn nan da suke tsagawa biyu su yi wa hayaƙi, ya sha man shanu, da ƙwai biyu a gefe, da burodi gasasshe an jera shi tsaye a wani ɗan ƙarfe kamar faifai a kanta. Surukata, Hajiya, da ta zo mana daga Zariya a shekarar, ta ɗanɗana kifin ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ai ɗan'uwan na Baga ne, yaji kawai ya rasa." Maman yara ta zaro ƙullin yajin daga jaka. Washegari dattijuwar da kanta ta miƙo hannu a zuba mata. Ka tafi da yajinka, abin da nake nufi ke nan. Ka kuma sauko a kan lokaci. Idan an ce takwas zuwa tara, to tara da kwata an riga an wanke kasko.

Ranar tafiya, kafin ka fita daga gida, ka duba shafin kamfanin jirgin. Suna sa launi ga kowace hanya: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa ana iya sokewa ba tare da dogon gargaɗi ba, ja kuwa an samu tsaiko. Idan da mota ka je, ma'aikata masu riga mai ƙyalli za su nuna maka layi, ka bi hannunsu har su ce tsaya, ka ja birkin hannu, ka kashe ƙararrawar ɓarayi don girgizar jirgi na tayar da ita. Ka ɗauki duk abin da za ka buƙata, domin ba a zama a mota, ba a kuma komawa wurinta sai an iso. A sama akwai kujeru, da wurin shayi, da banɗaki. Mai saurin jiri ya zauna a tsakiyar jirgi, ya sa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, ya ajiye waya, ya tauna citta. Hajiya, wadda ruwan da ta sani bai wuce Kubanni ba, ta riƙe hannun kujera tun kafin a kwance igiya, tana ta maimaita addu'ar Annabi Nuhu ta shiga jirgi. Bayan minti ashirin na lallaɓa ta muka fita waje. Iska ta kusa tafiya da mayafinta. Ta hango duwatsun tsibirin suna tasowa daga cikin ruwa, gajimare ya naɗe kan mafi tsawonsu kamar rawani, sai ta ce, "Ikon Allah. Mutane ne a can ciki?" Daga nan ba ta koma kujera ba har muka isa.

Ka gaya wa masu gidan jirgin da za ka shigo, idan ya canza ka sake bugawa. Yawanci daga ƙarfe huɗu ake karɓar baƙi, a fita ƙarfe goma na safe, kuma tsakanin nan da can matar gidan ta tafi kasuwa ko asibiti kamar kowa. Za a ba ka makulli biyu, na ɗaki da na ƙofar gida. Takalmi mai laka a cire a zaure, wannan kam ba sai an koya mana ba. A ɗaki za ka tarar da butar lantarki da ganyen shayi da biskit, naka ne. Amma ba a girki a ɗaki, butar nan kuma ta ruwa ce kawai, kada a dafa taliyar yara a ciki. Idan ka kunna shawa ruwa ya ƙi zuwa, nemi wata igiya da ke rataye daga silin ka ja. Bayan ƙarfe goma a rage murya, bangon katako ne, hirar waya da mutanen gida ta "kuna ji na?" har ɗakin ƙarshe ake jin ta.

Turaren wuta kuwa, ku bar shi a gida. Mu muka yi wannan abin kunyar. Daren farko, bayan isha, Hajiya ta ga ɗaki ba ƙamshi, ta ciro ɗan kaskonta na lantarki ta ɗora. Minti biyu ba a yi ba na'urar hayaƙi ta ɗauki kururuwa, kuma a irin gidajen nan a haɗe suke, idan ɗaya ta yi kuka duka sai su amsa. Baƙi suka firfito da kayan barci, wani dattijo riƙe da takalminsa a hannu. Na yi ta ba da haƙuri har bakina ya bushe. Matar gidan ta buɗe tagogi, ta shaƙi iskar ta ce ƙamshin da daɗi, amma don Allah kada a sake. Turaren fesawa ya isa.

Babu masallaci a tsibirin, don haka idan da hali ka yi Juma'arka a Gilasgo ka kama jirgin yamma. Ka tafi da darduma da 'yar buta, banɗakunansu takarda kawai suka sani. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ta ɗan fi karkata gabas. Wasu tsofaffin gidajen har banɗaki kafet ne, sai ka shimfiɗa tawul kafin alwala. Ka kuma shirya wa lokutan bazara: a ƙarshen Yuni sai wajen ƙarfe goma na dare ake magariba, rana ta fito wajen huɗu da rabi. Jadawalin masallacin Gilasgo nake bi in ƙara 'yan mintuna, tunda tsibirin na yamma da birnin.

Abincin dare ba ya cikin ciniki, kuma a nan yunwa ke kama baƙo. Gidajen abinci kaɗan ne, suna cika da bazara, da yawa kuma sun daina karɓar oda tun wajen takwas ko takwas da rabi, alhali rana na sama kana ganin kamar la'asar ce. Ka kama tebur tun da safe. Kifi da soyayyen dankali shi ne mafakarmu, amma ka tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar, da kuma irin man da aka soya. Cukun tsibirin sananne ne, ka saya, sai dai ka karanta takardar jikinsa, akwai wanda ake haɗawa da wiski. Mu dai mukan biya ta shagunan halal na unguwar Pollokshields kafin mu taso, Maman yara ta yi dambun nama da soyayyar kaza na daren farko. Ka roƙi izini kafin ka ci a ɗaki, sau da yawa ma sai su ce ka zo teburin cin abinci, su ba ka faranti.

Abin gani ba zan tsawaita ba, masu gidan sun fi ni sani, su ne kuma za su kalli sama su ce maka yau ba ranar hawa dutse ba ce. Goatfell, dutse mafi tsawo, mita 874 ne, hawa da sauka daga Brodick awa biyar zuwa shida, da takalmin kirki da rigar ruwa. Laima ba ta da amfani, iska za ta juye ta. Fadar Brodick, tsohon gidan sarautar Hamilton, na da lambun da tsofaffi za su iya zagayawa a hankali. A Machrie Moor akwai dogayen duwatsu da mutanen da suka kakkafa a da'ira shekara kusan dubu huɗu da suka wuce, shiga kyauta, tafiyar kamar rabin awa daga titi ta cikin tumaki. Daga Lamlash ƙaramin jirgi na kai mutane Holy Isle, wanda mabiya addinin Buddha suka saya a 1992. A Lamlash ɗin kuma akwai wasu duwatsu uku na tunawa da iyalan da aka tasa daga gonakinsu don a sa tumaki, suka shiga jirgi zuwa Kanada a 1829. Duk wanda ya bar gida ya tsaya a wurin zai ɗan yi shiru. Idan kun ratsa ciyawa mai tsawo, ku duba ƙafafun yara da dare saboda kaska.

To, Lahadin nan. Zuwanmu na farko ne, watan Oktoba, ni da Maman yara da babbar 'yarmu tana goye. Na ga ranar ta yi kyau, na ce me zai sa mu yi gaggawa, na sayi jirgin ƙarshe na dare, ga aiki na jirana Litinin ƙarfe takwas. Tun a teburin safe maigidan da muka sauka wurinsa, wani tsohon masunci, ya leƙa taga ya ce da shi ne da na rana zai bi. Na yi murmushi irin na wanda ya duba waya. Ƙarfe uku iska ta juyo daga kudu maso yamma, ƙarfe biyar teku ta yi fari fat, aka soke na yamma, aka soke namu. Akwai wata ƙaramar hanya daga Lochranza zuwa Claonaig, rabin awa a ruwa, amma mu ba mota, kuma daga can zuwa Gilasgo zagaye ne na kusan awa uku. Muka tsaya a tasha da jaka da jaririya, madararta saura gwangwani rabi, kowa na ta buga waya neman ɗaki. Na kira tsohon ina jin nauyi. Ɗakinmu an riga an ba wasu, amma matarsa ta buga wa wata ƙawarta a ƙauyen gaba, shi kuma ya zo da tsohuwar motarsa mai warin kifi ya kwashe mu. Bai ce mini "na gaya maka" ba, rediyo kawai ya ƙara wa murya.

Tun daga ranar nake barin aƙalla jirage biyu a bayan wanda na saya, ba na sa tikitin jirgin sama ko wani aiki mai muhimmanci a washegarin dawowa, kuma a jaka akwai maganin kowa da kayan yara na ƙarin kwana ɗaya, da kuɗin ɗaki na dare guda da ba a taɓawa. Idan hasashen yanayi ya nuna iska a ranar fita, tun da safe nake zuwa tasha in nemi a matso da ni gaba. Ranar Litinin ɗin kuwa jirgin farko muka samu, gari bai gama wayewa ba, teku ta kwanta lumui kamar ba ita ba. Matar da ta saukar da mu ta tashi tun ƙarfe shida ta naɗe mana burodi da dafaffen ƙwai a takarda, ta ce karin kumallo na cikin kuɗin, ko a tebur ko a jirgi.